Ƙudan Zuma a Cikin Fulas ɗin Mai Hoto

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da duk yaran gida. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya bar mana kai da daɗewa. Mu ma nan lafiya lau muke. Tarin Umma ya tafi, sai dai har yanzu ba ta yarda ta daina wanki da ruwan sanyi ba, kai kaɗai ne idan ka yi magana take ji. Lambun Baba yana nan yana tafiya. Na sake ragar rumfar dashe, dashen lemon da ka ce ba zai kama ba ya kama, fararen furannin da marigayi ya jera jikin katanga kuma bana sun yi yawan da ban taɓa gani ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ni da biro ba mu daɗe tare ba. Na zaɓi takarda ne saboda a waya baki yana riga ni, kuma duk inda na tsaya da waya a gidan nan kunnen Umma yana kusa.

Da safiyar Talatar da ta wuce, rana ba ta gama fitowa ba, ina tsugune bayan rumfar dashe ina ɗaure tiyon da ya tsage, sai na ga Mai Hoto, mutumin nan da yake neman auren Yaya, ya buɗe fulas ɗin da yake zuwa da shi lambu kullum. Dukanmu mun ɗauka shayi ne a ciki. Ba shayi ba ne, Baffa. Ƙanƙara ce, da 'yar kwalba a tsakiyarta, a cikin kwalbar kuma ƙudan zuma ne kwance kamar matattu. Ya zaro ɗaya da hantsaki, ya ɗora shi a kan fure daidai gaban gizo-gizo, sannan ya koma bayan kamararsa ya kwanta rub da ciki. Na san za ka ce me ya haɗa wannan da maganar aure. Ni ma na tambayi kaina haka. Amma ranar da ka kira ka ce a ba ni waya, ka ce in buɗe idona a kansa tunda ni nake ganinsa kullum, kai kuma za ka zo ƙarshen wata ka karɓi mutanensa ka ba su amsa. A ranar na ce maka alheri kawai na gani, kuma gaskiya na faɗa. Yanzu na ga wani abu daban, shi ya sa zan koma baya in kawo maka shi tun daga tushe, ka auna da kanka.

Tun bara ya fara zuwa lambun. Ya nemi izini cikin ladabi, ya ce ba fure zai saya ba, ƙwarin da suke kan furen yake son ɗauka a hoto. Da farko dariya muka riƙa yi masa, ni da direban tankar da yake kawo mana ruwa. Ƙato guda da kaya masu tsada, ya shimfiɗa buhu ya kwanta a cikin laka, ya kai bakin kamara dab da fure har ya kusa taɓawa. Direban ne ya sa masa suna Mai Rarrafe, shi kuma bai ji haushi ba, har amsawa yake yi. Ranar da ya juyo mini fuskar kamarar ya nuna mini abin da ya ɗauka, dariyata ta tsaya. Baffa, akwai wani gizo-gizo a lambun nan da na girma ina wucewa ta kansa ban san da shi ba. Bai kai ƙwayar wake ba, fari ne fat, ba ya saƙa yana, kuma a karkace yake tafiya kamar ƙaguwa. Yakan zauna a tsakiyar fure ya buɗe dogayen hannuwansa na gaba kamar mai tarbar baƙo, ya yi shiru. Ƙudan zuma ya sauka neman abinci, shi kuma ya rungume shi ya cije shi a bayan kai, shi ke nan. A cikin hoton kana ganin idanuwansa jere kamar an ɗiga tawada, kana ganin gashin ƙafar ƙudan ɗaya bayan ɗaya. Mai Hoto ne ya koya mini cewa idan wannan gizo-gizon ya koma kan fure rawaya, a hankali shi ma yakan zama rawaya, amma sai ya yi kwana da kwanaki. Na gwada, na sa ido a kan guda ɗaya, na tarar haka ne. Ba zan ɓoye maka ba, na so mutumin nan, ya buɗe mini ido a cikin lambun ubana.

Yadda suka haɗu da Yaya kuwa ka ji labarin, don babu wanda bai ji ba. Ta kawo mini abinci ranar da take hutu daga aikinta na kantin magani, ba ta same ni ba, ta same shi kwance yana neman wanda zai riƙe masa farin kwalin da yake haska fure da shi, ta riƙe masa. Duk inda ya zauna sai ya ba da wannan labari, ya ce bai ma san ina da 'yar'uwa ba, Allah ne kawai Ya turo ta a daidai lokacin, har ya rantse. Daga baya wani hotonsa ya ci gasa, ya sa aka wanke babba aka sa a gilashi ya kawo wa Umma, aka rataye a falo. Farin gizo-gizo ne a kan fure rawaya riƙe da ƙudan zuma. Ya ce ya yi kwanaki yana zuwa tun asuba yana kwanciya a wuri ɗaya, tururuwa na cizonsa, gwiwarsa ta saluɓe, kafin ƙudan ya sauka. Ya ce shi ba shi da wata dukiya sai haƙuri. Wannan kalmar ce ta shiga ran Umma. Ta ce namijin da zai iya jiran gizo-gizo ya ci abinci, zai iya jiran 'yarta ta gama ɗaura ɗankwali. Aka yi dariya, amma da gaske take. Duk wanda ya tambaye ta halinsa, hoton take nuna masa. Ina jin kai ma da wannan haƙurin ta yabe shi a wurinka.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne fulas ɗin. Mutum ya zo da shayi kullum amma ban taɓa ganin ya kai shi baki ba. Wata rana da sanyin safiya na ce masa cikin wasa ya sam mini kurɓi ɗaya, sai ya ja fulas ɗin jikinsa ya ce shayin magani ne mai ɗaci, ba zan iya sha ba. Na bar maganar. Bayan nan sai na fara samun farin gizo-gizo a kan furanni rawaya na bakin famfo da sassafe, alhali da yamma na bar shi a kan fararen jikin katanga. Tsakanin wuraren biyu akwai tafiya, har da kwatar ruwa. Abin da bai kai wake ba, mai tafiya a karkace, me zai fitar da shi daga inda ya ɓuya lafiya ya je ya zauna inda kowane tsuntsu zai gan shi? Amma a hoto fari a kan rawaya ya fi fitowa, wannan ko ni na sani. Sai kuma ƙudan da suke cikin hotunansa. Ni kullum ina cikinsu, na san ƙudan da ya fito aiki ƙafafunsa na baya cike suke da garin fure, kamar ya sa wando rawaya. Nasa kuwa ƙafafunsu tas, a jikin gashinsu kuma ƙananan ɗigon ruwa. Na tambaye shi, ya ce raɓa ce. A raina na ce ƙudan zuma ba ya kwana a waje balle raɓa ta sauka masa, kuma kafin ya fito rana ta riga ta shanye ta kan fure.

Tsohon nan mai zuma da amyoyinsa suke bayan katangarmu shi ma ya ƙara mini. Ka tuna shi, abokin Baba, wanda ba ya gaisawa da mutum sai ya yi masa ƙorafin wani abu. Ya tare ni ya ce in ja wa abokina mai kwanciya a ƙasa kunne, ya gan shi da yamma a wurin kaskon da yake zuba wa ƙudansa ruwa, riƙe da kwalba, yana yi musu sanɗa kamar ɓarawon kaji. Na ce masa wataƙila hoto yake ɗauka. Ya ce shi dai a tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin kamara mai murfin kwalba ba. Duk wannan ban kawo shi gida ba, ban kuma faɗa maka ba, saboda ban ga komai da idona ba. Mutum yana neman 'yar'uwarka, ka tashi ka ɓata shi da maganar ƙafar ƙuda, ai sai a ce kishi kake yi ko kanka ya taɓu. Na ce bari in ci gaba da aikina, in riƙa kallo.

To ranar Talatar, ga yadda abin ya kasance. Na riga shi zuwa saboda tankar ruwa za ta zo da wuri, shi kuma bai san ina bayan raga ba, don daga waje ba a ganin na ciki sosai. Ya zaɓi fure rawaya babba, ya soke tsinke a ƙasa ya ɗaure karan furen da zare don kada iska ta kaɗa shi. Sai ya fito da kwalin ashana daga aljihu, ya buɗe a hankali, ya karkaɗo farin gizo-gizo a kan furen. Ashe a aljihunsa yake kwana. Ya jira ya nutsu ya buɗe hannuwa, sannan ya buɗe fulas. Ƙudan farko da ya ɗora ya mirgino ya faɗi ƙasa. Ya ɗauke shi, ya hure masa ƙura, ya mayar. Sanyi ya kashe masa jiki, ba ya iya tashi. Da rana ta fara dukansa sai ya fara motsa ƙafa, ya ɗaga hannu yana shafa fuskarsa kamar yaron da aka tasa daga barci. Mai Hoto ya sa tsinke ya ɗan tura shi gaba. Gizo-gizon da ya sha yunwa a cikin kwali bai yi wata-wata ba, ya rungume shi. Kamara ta yi ta ƙara, fitilarta na walƙiya. Da ya duba abin da ya ɗauka bai yi masa ba, sai ya sa hantsaki ya ƙwace ƙudan daga hannun gizo-gizon ya yar, ya zaro wani daga kwalba, aka sake daga farko. Ɗigon ruwan da ya ce mini raɓa ce, gumin ƙanƙara ne. Duka aikin bai kai lokacin da tanka take ɗauka ta cika mana tanki ba.

Na fito na yi masa sallama, na ce ashe shayin ya huce har ya zama ƙanƙara. Na zaci zai rikice. Wallahi ko kaɗan. Dariya ya yi, ya ce ƙaninsa akwai ido, ya matsa mini a kan buhu in zauna. Ya ce masu irin aikinsa da yawa haka suke yi, wanda ya ce zai jira ƙuda ya zo da kansa yunwa za ta kashe shi kafin gizo-gizo ya ci. Ya ce hoton ba ƙarya ba ne, gizo-gizon na gaske ne, ƙudan na gaske ne, kamun ma na gaske ne, shi dai ya gabatar da su ga juna ne kawai. Ya ce ni ma ai ina ɓoye furanni a inuwa don su buɗe ranar da mai saye yake so, kuma ƙwarin da na kashe da feshi sun fi waɗanda zai kama har ya mutu. Daga ƙarshe ya dafa kafaɗata ya ce kada in kai maganar gida, mata ba za su gane ba, tausayin ƙuda zai hana su barci. Ya ƙara da cewa wata tsohuwar kamara da ya taɓa cewa zai ba ni tana nan tana jirana. Bayan ya tafi na je bakin ƙofa na tarar da kwanon karin kumallona a kan baro, a rufe, har da makullin sito da na manta a gida. Na ɗauka Umma ce ta aiko wani ya ajiye ya wuce.

Na wuni ina juya maganarsa, kuma in faɗa maka gaskiya, wata a ciki ba ta da makusa. Na kashe ƙwari da feshi, ina kuma jinkirta fure. Mutuwar ƙuda biyu ko uku ba za ta sa in rubuto maka takarda ba. Amma ni idan mai saye ya tambaye ni, ina gaya masa a inuwa na ajiye. Ban taɓa nuna wa kowa gwiwata na ce ta saluɓe a wurin jira ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne fuskarsa. Yadda ya yi mini dariya a lambu, haka yake yi wa Umma a falo, babu inda ta canza. Na ce a raina to bari in gani, wataƙila yanzu da ya san an gani zai daina ba da labarin, hoton ya tsaya a hoto. Da ya yi haka, Baffa, da ba ka ji komai daga bakina ba.

Ranar Alhamis da la'asar ya zo gida da sabon hoton a wayarsa. Umma da Yaya suna falo, ni ina bakin ƙofa ina wasa almakashin yankan reshe. Umma ta karɓa ta yi ta salati. Sai Yaya, wadda ba ta cika tambayarsa kan aikinsa a gaban mutane ba, ta ce ya ba su labarin yadda ya samu wannan. Ya gyara zama. Ya ce wannan ya fi na bango wahala, ya yi kwanaki yana bibiyar gizo-gizon nan, ranar ma har ya fara naɗe kayansa ya fid da rai, sai ga ƙudan Allah Ya kawo shi. Sannan ya juyo ya nuna ni, ya ce ga shaida nan, ƙaninsa ya gan shi kwance. Ido huɗu muka yi. Na ce lalle na gan shi kwance, na ci gaba da wasa almakashina. A gaban uwata ya ɗauko ni ya ɗora a kan labarinsa, yadda ya ɗora ƙudan nan a kan fure. Umma ta ɗaga hannu tana sa masa albarka. Yaya ta matso da wayar kusa da idonta, ta ce wannan ruwan da yake jikin ƙudan fa, mene ne. Ya ce raɓa ce. Ta ce raɓa. Ya ce raɓa, wallahi. Ta miƙa masa wayarsa, ta ce bari ta kawo masa ruwa, ta shiga ciki. Har ya tafi ba ta fito ba. Umma ta ce kunya ce ta zo mata da girma.

Washegari ina cika ledojin dashe sai ga Yaya da kayan aikinta farare, ta zauna a kan buhun taki ba ta ko duba ba. Ka san ta da tsabta, a nan na san akwai magana. Ba ta yi zancen ƙuda ba. Ta ce in dubi Allah in gaya mata, ranar da ta fara haɗuwa da shi, ina na tafi. Na ce ya aike ni in cika masa jarka a famfon can ƙarshen lambu. Ta ce na kusa ya lalace ne a ranar. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce kafin ranar ya taɓa tambayata game da ita. Baffa, ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce ya taɓa hango ta daga nesa tana fita, ya tambaye ni wace ce, na ce yayata ce. Bayan nan ya sake tambayata wace rana take hutu, da wane lokaci take kawo abinci. Shi da yake tafiya kafin rana ta yi zafi, ranar sai ya zauna har azahar. Na gaya mata ni ban ɗauki wannan laifi ba a lokacin, har yanzu ma ban ɗauka ba, namiji ya ga mace ya nemi hanya ai ba sabon abu ba ne. Da na ji yana cewa bai san da ita ba, na ɗauka irin daɗin bakin masu neman aure ne, na yi murmushi na wuce.

Sannan ta ce da ya gaya mata cewa ya gan ta, ya shirya, ya kori ƙaninta zuwa famfo don ya samu ya yi mata magana, da ta yi dariya, da ma ta ji daɗi, wace mace ce ba ta son a sha wahala a kanta. Amma ya rantse mata, ba sau ɗaya ba, kuma ita a kan wannan rantsuwar ta gina komai, har ta ce da kai ba ta da wani zaɓi sai shi tunda haɗin Allah ne. Ta ce jiya sau biyu ta buɗe masa ƙofa a falo ko zai fito da gaskiya, sau biyu ya rufe da hannunsa. Ta ce yanzu idan ta tuna maganganunsa, ba ta san wacce ce ta zo da kanta ba, wacce ce kuma aka zaro daga fulas. Da na ji kalmar fulas a bakinta sai na tambaye ta inda ta ji, don ban gaya wa kowa ba. Ta kalle ni ta ce wa nake tsammani ya kawo mini makullin sito.

Da ta koma gida da yamma ta sauke hoton daga bangon falo ta juya shi a bayan kujera. Wurin ya bar fari mai kusurwa huɗu a jikin fenti. Umma ta ɗauka goge gilashin za a yi, har yau ba mu gaya mata ba, don ta riga ta yabe shi a wurin duk 'yan'uwa, kuma jikinta bai daɗe da warwarewa ba. Mun bar wannan a hannunka, kai ka san yadda ake shigar mata da magana. Shi kuwa jiya ma ya zo lambu da fulas ɗinsa, ya gaishe ni da fara'a, ya tambaye ni wace rana za ka iso.

Ba na cewa mugun mutum ne, Baffa. Ban gan shi da shaye-shaye ba, ban ji yana bin mata ba, yana girmama Umma, sana'arsa kuma ya iya ta ƙwarai. Wataƙila ma yana son Yaya da gaske, wannan Allah ne Ya sani. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne, haƙurin da aka yabe shi da shi ban gan shi ba. Na ga mutumin da ba ya jira, yana shirya abu da hannunsa, sannan ya jingina wa Allah ya rantse, idonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Yau a kan ƙuda ne. Ban san a kan me zai zama ba idan an rufe ƙofa daga shi sai ita. Roƙona shi ne kada ka sa wa mutanensa rana, kuma ka kira Yaya a wayarta lokacin da take wurin aiki, ba ta hannun Umma ba.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata irin furen da ta nema na shanya, yana cikin ƙullin da ke tare da wannan takarda. Ka gaida Babban Yaya da matarsa da jaririyarsu, da 'Yan Biyu, da Gwaggo idan ta zo, ka ce mata har yanzu ban yi ƙiba ba, ta daina tambaya. Umma tana gaishe ku duka, ba ta dai san me ke cikin takardar ba.

Don kada maganar ta tsaya a kan bakina ni kaɗai, ga waɗanda suka gani. Direban tankar ruwa yana zaune a saman motarsa a wajen katanga yana jiran tanki ya cika, ya ga komai daga sama, ya ce in ka kira shi zai faɗa. Tsoho mai zuma yana leƙe ta kan katanga, shi ma ya gani, kuma ba sai ka tambaye shi ba zai fara. Ta ƙarshe ita ce Yaya, tana tsaye a bakin ƙofar lambu da kwano a hannu tun daga buɗe kwalin ashana har zuwa ƙuda na biyu. Ta ce da bakinta ta roƙe ka ka amsa wa mutumin nan, kuma bakin ya yi mata nauyin ya dawo ya ce ka fasa. Ta ce in sa ta cikin shaidu kawai, za ka gane.

Naka mai biyayya kullum,
ɗanka na lambu.